Abincin keto ga yaro mai farfaɗiya: yadda ake tare illolinsa mataki-mataki

Tun da labarin abincin keto ya shiga wayoyin mutane, iyayen yara masu farfaɗiya suke ta maimaita mini tambaya guda: an ce akwai abincin da ke rage tashin ciwon, to wace illa yake yi wa yaro, kuma yaya ake bi da shi a gari mai zafi da sauro irin Maraɗi? Na tattara amsar a nan, bi da bi yadda aikin yake zuwa.

A taƙaice, ana janye wa yaro kusan duk abin da jiki ke mayarwa sukari: tuwo, fura, kunu, shinkafa, wake, taliya, burodi, rogo da dankali. Mai ne yake maye gurbinsu. A tsari mafi tsanani, wanda likitoci ke rubutawa 4:1, duk giram 4 na mai ana haɗa shi da giram 1 tak na furotin da sitaci gaba ɗaya, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da yaro ke samu ke nan daga mai yake fitowa. Hanta sai ta riƙa sarrafa man zuwa wani sinadari da ake kira keton, ƙwaƙwalwa ta yi aiki da shi. Ana yin wannan ne ga yaron da aka ba maganin farfaɗiya iri biyu yadda ya kamata amma ciwon bai lafa ba. A wani gwaji da aka yi a Landan aka wallafa a 2008, kashi 38 cikin 100 na yaran da aka ware don a sa su a kan abincin ciwonsu ya ragu da fiye da rabi bayan wata uku, alhali cikin waɗanda ba a sa su a kai ba kashi 6 ne kawai. Yana aiki, amma ba ga kowa ba, kuma yana iya taɓa ƙoda, ƙashi da zuciya. Don haka nake so a ɗauke shi yadda ake ɗaukar magani, da awonsa da mai duba shi.

Mataki na 1: Likita da awon farko

Ba a fara wannan abinci a gida don an ga bidiyo. Ku je wurin likitan yara a babban asibitin jiha ko asibitin Référence na Maraɗi, ku ce kuna neman a haɗa ku da wanda ya san tsarin. Ƙwararrun ƙwaƙwalwa da jijiyoyi sun fi yawa a Yamai, wasu iyayen kuma Kano suke nufa. Ko ina ne, mutum biyu ake buƙata: likitan da zai duba jikin yaro, da masanin abinci da zai lissafa muku giram-giram. Ku karɓi lambar wayar da za ku iya kira da tsakar dare kafin ku yarda a fara.

Akwai abubuwan da dole ku faɗa ko ba a tambaye ku ba. Shin auren zumunci ne tsakanin uba da uwa? Wani ɗan uwan yaron ya taɓa rasuwa yana jariri ba a gano dalili ba? Yaron yakan galabaita ko ya suma in ya daɗe bai ci ba? Dalilin tambayar shi ne akwai cututtukan gado da ke hana jiki ƙona mai, kuma yaron da ke da irinsu abincin keto na iya kashe shi. Ku kuma ambaci sikila, tsakuwar ƙoda a dangi, da yawan ƙwarewa in yana cin abinci.

Awon da ake yi kafin a fara: yawan jini, aikin hanta da ƙoda, gishirin jini har da bikarbonat, kalsiyom, kitsen jini, da fitsari. A auna nauyi da tsawo, a rubuta.

Hattara: yaron da ke da tamowa ba a fara masa. Ga ɗan wata 6 zuwa shekara 5, igiyar awon dantse da iyaye mata da yawa suka sani ta isa ta nuna. In ta tsaya a ja, ƙasa da milimita 115, ko a rawaya, ƙasa da 125, tamowar ake fara magancewa. Abincin gyaɗa na leda da ake bayarwa a asibiti akwai sukari da madara a ciki, bai dace da keto ba, amma yaron da ya rame shi ya fi buƙata a lokacin.

Mataki na 2: Kayan aiki da lissafin kuɗi

Ku tanadi sikelin kicin mai batir da ke nuna giram ɗai-ɗai, na'urar awon sukari da tsinkayenta, takardun awon keton na fitsari, ma'aunin zafin jiki, sirinji marar allura don awon ruwa da mai, gorar ruwa mai alamar awo, da kaye guda da ba za a rubuta komai a ciki ba sai sha'anin yaron. Kwano da cokalinsa ma a ware.

Sikeli da na'ura sau ɗaya ake saye. Abin da ke cin aljihu shi ne na kowane wata, kuma ga yadda za ku lissafa da farashin kasuwar yau. Yaron da ke buƙatar kalori 1200 a rana, a tsarin 4:1 giram 120 na mai zai ci, kusan lita 4 ke nan a wata in duk daga man gyaɗa ne. Ku ƙara ƙwai, nama ko kifi na kullum, takardar fitsari biyu a rana a farkon lamari, wato 60 a wata, da ƙwayoyin bitamin da kalsiyom. Sannan awon jini da kuɗin mota duk wata uku.

Ku zauna da maigida ku yi wannan lissafi na aƙalla wata shida. In ba zai ɗore ba, ku faɗa wa likita gaskiya, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ku tambaye shi tsarin Atkins da aka gyara don masu farfaɗiya: sitaci kawai ake ƙidayawa, giram 10 zuwa 20 a rana, ba sai an auna kowace loma ba. A ganina shi ya fi dacewa da gidajenmu da yawa, sai dai shi ma yana da illolin nan, kuma shi ma da likita ake yi.

Mataki na 3: Tace magungunan gida

Ku kwaso duk maganin da yaron ke sha ku kai wa likita ko mai farmasi. Yawancin siro na yara da sukari ake haɗa su: na farasitamol, na tari, na ƙarin jini, har da siron Dépakine na farfaɗiya. Cokali biyu a rana na iya cinye rabon sitacin yaro na yini. A canza su zuwa ƙwaya in da hali, likita ya daidaita awon.

Wasu magungunan farfaɗiya suna ƙara wa abincin nauyi. Topiramat da asetazolamid suna ƙara tsamin jini da haɗarin tsakuwar ƙoda. Balproyat, wato Dépakine, yana rage karnitin, sinadarin da jiki ke ƙona mai da shi. Gardénal, wanda yaranmu da yawa ke kai, yana iya sa barci mai nauyi bayan an fara abincin.

Hattara: ba a daina maganin farfaɗiya, ba a kuma rage shi, don an fara keto. Yanke magani farat ɗaya na iya jawo tashin ciwo marar tsayawa.

Mataki na 4: Makon farko

Yawanci kwantar da yaro ake yi na ƴan kwanaki, musamman wanda bai kai shekara 2 ba, a riƙa ƙara man kaɗan-kaɗan. Ba dole ba ne a fara da hana shi abinci.

Ga yadda kwanon safe yake. Ƙwai ɗaya yana da furotin kamar giram 6 da mai giram 5. Kafin ya kai 4:1 sai an ƙara masa mai kamar giram 21, babban cokali ɗaya da rabi. Za ki ɗora kwano a sikeli, ki mayar da shi sifili, ki tsiyaya man har lambar ta cika, ki kaɗa da ƙwan ki soya a wuta kaɗan. In kin juye, za ki ga mai ya kwanta a gindin kasko da gefen kwano. Wannan man cikin lissafi yake. Ki kwashe shi da cokali ki ba yaron, in ba haka ba ƙwai kawai ya ci.

Hattara: ba a yi wa yaro ɗura da mai. Toshe hanci a zuba, yadda wasu ke yi da kunu, na iya tura mai cikin huhu, kuma man da ya shiga huhu yana haddasa ciwon da ke da wuyar warkewa. Ya zauna tsaf, a ba shi da cokali. In ya ƙi, a raba abincin kashi huɗu ko biyar, a sake gwadawa.

Abubuwa uku ake tsaro a wannan mako.

Na farko faɗuwar sukari. Sukarin yaron keto yakan zauna ƙasa-ƙasa, wajen 50 zuwa 75 a na'urar da ke nuna mg/dL, kuma in yana wasansa ba komai. In na'ura ta nuna ƙasa da 40, ko 0,40 a mai nuna giram a lita, ko kuma kuka ga zufa mai sanyi, rawar jiki, fuska ta kwaɗe, yaro ya yi laushi, a ba shi ruwan lemu mililita 30, babban cokali biyu. In babu lemu, a jiƙa ƙaramin cokali na sukari a ruwa. A sake awo bayan minti 15 zuwa 30. In bai hau ba, a maimaita a kira likita. Wanda ya suma ba a zuba masa komai a baki, asibiti za a nufa.

Na biyu keton ya yi yawa, jini ya yi tsami. Alamunsa numfashi da sauri kamar wanda ya yi gudu, amai, fuska ta yi ja, rigima marar dalili, sai kasala. Takardar fitsari za ta rine zuwa kala mafi duhu. Ruwan lemun nan mililita 30 shi ne taimakon farko, tare da ruwan sha. In numfashin bai daidaita ba, ko aman ya ƙi tsayawa, kada a kwana a gida. Warin baki mai kama da na ƴaƴan itace da suka nuna sosai kuwa ba matsala ba ne, alamar keton ne.

Na uku barci da kasala. Kwana biyu zuwa mako ana ganin haka, yakan wuce. Barcin da ake tashin yaro da ƙyar daban ne: a auna sukari nan take, a sanar da likita, wataƙila awon Gardénal ne yake son gyara.

Duk wannan a kaye ake rubutawa: awa, sukari, kalar takarda, abin da ya ci, sau nawa ciwon ya tashi da tsawonsa. Takardun fitsari kuma zafi da danshi na lalata su. A rufe kwalbar da kyau, a ajiye a inuwa, a bi daƙiƙoƙin da aka rubuta a jikinta wajen karantawa.

Mataki na 5: Ruwa da tsakuwar ƙoda

Keton yana rage jin ƙishirwa, kuma abincin yana sa jiki zubar da ruwa. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, wannan babban lamari ne. Da can ana taƙaita wa yaran keto ruwa, yanzu an bar wannan.

Lissafin mafi ƙarancin ruwa a rana: mililita 100 ga kowane kilo na kilo 10 na farko, 50 ga kowane kilo na 10 na biyu, 20 ga abin da ya haura. Yaro mai kilo 15 lita ɗaya da kwata ke nan, kuma da bazara sai an ƙara. Ki cika gorarsa da safe, ki riƙa miƙa masa duk awa ba tare da jiran ya nema ba. Fitsari ya zama fari-fari. In ya yi ja kamar shayi, ruwa bai isa ba. Ana iya ɗiga lemun tsami kaɗan a ruwan. Tsamiya, lemun kwalba, zoɓo mai sukari da kunun aya duk babu. Ayar nan da muke nomawa tana ruɗin mutane saboda maiƙonta, amma zaƙi da sitaci ne fal a cikinta.

Kusan yaro 1 cikin 20 na masu wannan abinci yana samun tsakuwar ƙoda. Ku lura da jini a fitsari, wani abu kamar yashi a wando ko a fo, kuka lokacin fitsari, ciwon kwiɓi da amai. Yaron da ba ya magana, ƙaruwar tashin ciwo da rigima kaɗai na iya zama alamar. Ana tabbatarwa da awon fitsari da hoton ciki. Akwai maganin da ake kira sitrat na potasiyom da ke rage haɗarin sosai. Ku tambayi likita tun ranar farko, musamman in yaron na shan topiramat.

Hattara: kanwa ba madadin wannan magani ba ce. Gishirin da ke cikinta daban ne, ba a san awonsa ba, kuma yana iya hargitsa gishirin jinin yaro.

Mataki na 6: Bushewar ciki da ƙwarnafi

Wannan ita ce illar da ta fi yawa, don an cire dusar gero da wake da ke tura bayan gida. Maganinta na farko ruwa ne, na biyu ganye. Zogale, alayyafo, rama, yakuwa, kabeji da kuɓewa duk suna shiga, amma a kan sikeli, don su ma suna da ɗan sitaci. Miyar kuɓewa tana da wani amfani na daban: tana riƙe mai, yaro ya sha ba tare da ya ji yana shan mai zalla ba. A ɗanɗana ta da gishiri da daddawa kaɗan, a rage dunƙulen magi don akwai sitaci da sukari a ciki. Mayar da wani kaso na man zuwa man kwakwa yana sassauta ciki, sai dai a fara da kaɗan, yawansa na sa murɗa da zawo.

In kwana uku suka wuce babu bayan gida, likita na iya rubuta makrogol, garin da ake jiƙawa a ruwa. Kada a ba shi filasko ko wani jiƙon wankin ciki. Zawon da zai biyo baya ya fi bushewar haɗari.

Mai yana daɗewa a ciki, shi ke kawo ƙwarnafi da tashin zuciya. Kada yaro ya kwanta da ya gama ci, a bari a ɗan jima. Ciwon ciki mai tsanani a saman cibiya tare da amai kuwa na asibiti ne, yana iya zama kumburin gaɓar da ke sarrafa sukari, wato fankiriyas, musamman ga mai shan Dépakine.

Mataki na 7: Ranar masassara ko zawo

A nan na fi jin tsoro, domin daga Yuli zuwa Oktoba da wuya gida ya tsallake masassarar cizon sauro, kuma alamunta suna shiga cikin na abincin. Ita ma tana faɗar da sukari, tana sa jini tsami, tana sa numfashi da sauri, tana tayar da jijjiga. Uwar da ta saba ganin ɗanta yana faɗuwa tana iya cewa ciwonsa ne ya tashi, alhali masassara ce ta hau kai.

Saboda haka duk zafin jiki a yi gwajin yatsa a ranar, a CSI, wato ƙaramin asibiti, mafi kusa. Kafin a tafi a auna sukari, a ci gaba da aunawa duk awa huɗu zuwa shida muddin yaron ba ya ci sosai. A ba da farasitamol na ƙwaya ko na matsawa ta dubura. Maganin farfaɗiya a ba shi a kan lokacinsa. In ya amayar da shi, a kira likita a ji ko za a sake. Ƙwayar masassara irin Coartem da abinci mai maiƙo ta fi shiga jiki, nan kam abincin ya taimaka. Kinin kuwa yana ƙara faɗar da sukari, dole mai ba da shi ya san halin da yaron ke ciki.

Ku roƙi likitanku ya rubuta muku ƴar takarda da Faransanci, mai ɗauke da kalmomin régime cétogène (wato abincin keto), sunayen magungunan yaron da lambar waya. A sa ta a leda cikin karnen asibiti. Da kun isa, majo ko ma'aikacin jinya za ku fara miƙa wa, kafin a rataya ƙarin ruwa. Serom mai sukari yana rushe keton cikin ɗan lokaci kuma ciwon na iya tashi, don haka mai gishiri ake fara zaɓa. Amma in awo ya nuna sukarin yaro ya faɗi, ko masassarar ta yi tsanani, kada ku hana a sa masa mai sukari. Keton ana dawo da shi cikin ƴan kwanaki bayan ya warke. Haka in siro kaɗai ake da shi a wurin da dare, a ba shi.

Zawo da amai ma haka. Ledar SRO, garin gishiri da sukari da ake jiƙa wa mai zawo, ta lita ɗaya tana da sukari giram 13,5, ya fi rabon yinin wasu yaran. In zawon kaɗan ne, yaron na sha yana fitsari, ruwa da romo mai gishiri na iya riƙe shi yayin da kuke neman likita a waya. In idanu sun faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ɗauke, ko maɗiga ta lotsa ga jariri, a ba shi SRO yadda aka saba a kama hanya. Ranar rashin lafiya ba a tilasta mai. A rage shi, a dawo da shi sannu in ciki ya kwanta.

Maganin rigakafin masassara da ake rabawa gida-gida da damina ga ƴan wata 3 zuwa shekara 5, yaron keto ma ya sha. Ku dai ce kada a haɗa masa da sukari. Gidan sauro kuwa kowane dare.

Jijjigar da ta wuce minti 5, ko ta maimaitu yaro bai farfaɗo a tsakani ba, ta gaggawa ce. A kwantar da shi a gefe, kada a cusa cokali ko yatsa a baki, a ba da diyazefam, maganin tsayar da jijjiga, ta dubura in likita ya koya muku, a tafi. Yawunsa ba ya harbin kowa, ku riƙe shi ba tare da tsoro ba.

Mataki na 8: Mutanen gida

Sau da yawa ba uwa ce ke karya tsarin ba. Kaka ce, da ta ga jikanta ya zuba wa kwaryar fura ido sauran yara na sha, zuciyarta ta kasa ɗauka, ta miƙa masa ludayi a ɓoye. Tausayi ne, kuma faɗa ba ya magance shi. Maigida ya fi dacewa ya yi wa mahaifiyarsa magana tun kafin a fara: "Inna, na san tausayinsa kike ji. Likita ya ce ludayi ɗaya na fura na iya tayar masa da ciwon. Ga nasa abincin, ke za ki riƙa ba shi da hannunki." In aka ba ta wannan aiki, ita za ta zama mai gadinsa.

A sanar da abokan zama, yayyensa, maƙwabta, malamin lakwal da na allo, har mai tebur na ƙofar gida. Mangwaro, dabino, rake, goriba, magarya da alewa su ne abin da yara ke miƙa wa juna. Ƙuli-ƙuli an matse mansa, kilishi kuma da shi ake yin labunsa, wani lokaci har da sukari, don haka ba a ba shi su sai an lissafa. Nono da madara suna da nasu sukarin. Ranar suna, biki ko Sallah, a tafi da kwanonsa. In za a karɓo rubutu ko tofi, a roƙi malam kada a sa zuma ko dabino. Duk wani jiƙo na gargajiya kuma a nuna wa likita tukuna. Babban yaro da ya fara sha'awar azumi, kada ya ɗauka sai da izinin likitansa.

In ya saci wani abu ya ci, kada a doke shi, kada kuma a hana shi abinci na gaba don a rama. A rubuta a kaye, a ci gaba da tsari, a sa masa ido a ranar.

Mataki na 9: Awon wata-wata

Illolin da suka fi daɗewa ba sa nuna kansu da wuri. Ana komawa wurin likita bayan wata ɗaya, sannan duk wata uku a shekarar farko, da kaye a hannu.

Girma na iya ja baya, musamman ga ƙananan yara. A auna nauyi aƙalla sau ɗaya a wata a sikeli guda, tsawo kuma duk wata uku. In layin ya tsaya, ana ƙara furotin ko a sauko daga 4:1 zuwa 3:1. Ƙashi na iya yin rauni, shi ya sa kalsiyom da bitamin D wajibi ne kullum, tare da bitamin mai haɗe da ma'adinai marar sukari. Ku tabbatar akwai seleniyom a ciki. Rashinsa na raunana tsokar zuciya, kuma an taɓa rasa yara ta wannan hanya. Kumburin ƙafa, haki ko saurin gajiya, a kai shi a duba zuciya. Kuskuren da na fi gani shi ne a ci gaba da sayen mai da ƙwai, a bar ƙwayoyin nan in kuɗi ya yi ƙasa. Abincin shi kaɗai bai cika ba.

Kitsen jini yakan hau a watannin farko, sau da yawa kuma yakan sauko da kansa. Ba a dakatar da abincin don wannan kaɗai. Ana rage man shanu da kitsen nama, a ƙara man gyaɗa, man riɗi da kifi. Tunda yaron zai ci gyaɗa fiye da kowa a gidan, a tsince masu fumfuna da masu ɗaci a zubar, dafin da ke cikinsu yana cutar da hanta. In kun ga tabon taruwar jini a fata ba tare da ya bugu ba, ko gashi na zuba, ku faɗa a awo na gaba. Duk wani aiki da za a sa shi barci, ko da kaciya ce ko cirar haƙori, a nuna takardar nan tukuna.

Mataki na 10: Yadda ake fita

Ana ba abincin wata uku kafin a yanke hukunci. Ku kwatanta yawan tashin ciwo a kaye da na kafin a fara, ku kuma duba barcinsa, wasansa da yadda yake kula mutane. In babu canji, likita zai sauke shi cikin ƴan makonni. In ya yi amfani, yawanci ana kai shekara biyu sannan a duba yiwuwar janyewa. Akwai wasu cututtukan gado ƙalilan, irin wadda sukari ba ya iya shiga ƙwaƙwalwa sosai, da ake daɗewa a kai fiye da haka.

Saukowar daki-daki ake yi: daga 4:1 zuwa 3:1, zuwa 2:1, ana ɗan tsayawa a kowane mataki, sannan a shigo da nono, wake da tuwo kaɗan-kaɗan. Kayan zaƙi su ne na ƙarshe. In ciwon ya ƙaru a hanya, a koma matakin da aka baro a kira likita.

Hattara: dakatarwa farat ɗaya a asibiti kaɗai ake yin ta, in wata illa mai tsanani ta taso, kamar kumburin fankiriyas, matsalar zuciya ko tsamin jinin da ya ƙi gyaruwa. In kuɗi ne ya yanke, ko uwa za ta haihu babu mai auna abincin, ku sanar da likita tun da sauran mako biyu ko uku, ya tsara muku saukowa. Maganin farfaɗiya kuma yana nan a awonsa har sai shi ya ce a taɓa shi.